Idon Yaya, Ƙafar Barsu

Yayana Choji bai iya barin aiki rabi ba. In ya sa hannu zai wanke kofin shayinsa, to sai ya wanke kwanukan gidan kaf, har da tukunyar da na jiƙa da gangan don ƙanzon ya yi laushi. Ni Dina, ƙanwarsa, na yi mita har na gaji. Ba laifinsa ba ne, haka aka rene mu a ƙauyenmu can bayan Vom. Babanmu manomin acca da dankali ne, da rani kuma mafarauci, kuma dokarsa a gona ɗaya ce: in ka ɗora garma a kan kunyar noma, ba ka miƙewa sai ka kai ƙarshenta. Ko ruwan sama ya sauko, ko kunama ta harbe ka, ka fitar da kunyar nan tukuna sannan a duba ka. Ni da na samu na tsere zuwa makaranta, dokar ta sake ni. Yaya kuwa ta shige masa jini.

Da wannan halin ya tuƙa tirela tsakanin Jos da Legas har furfura ta fara leƙo masa. Da shi kuma ya biyo ni New York bayan rasuwar matarsa, ya bar 'ya'yansa biyu wurin dangi, ya kama tuƙin tasi. Shekara da shekaru yana layin direbobi a filin jirgin JFK. Sauran direbobi na fita miƙe ƙafa, su sha shayi, su yi gardamar ƙwallo, shi yana goge gilashin da ya riga ya goge. Da sitiyarin nan ya karantar da yaran, ya aurar da su. Muna haya a hawan ƙasa na wani tsohon gida a St. George, wata unguwa a wani tsibiri, a kan tudu, inda in ka tsaya bakin ƙofa kana hango jirgin ruwan da ke kai mutane Manhattan yana dawo da su. A baya akwai ɗan fili mai ciyawa, bai taka kara ya karya ba, amma fili ne.

A shekarar 2015 ya gogi ginshiƙi da madubin motarsa sau biyu cikin wata guda. Yaya fa, wanda ke shigar da tirela lungu da baya! Na ja shi wurin likitan ido yana ta gunaguni. Likita ta ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin ganinsa daga gefe ba mu sani ba. Ta ce abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa zai rage wa sauran gudu, amma ba zai tsayar da shi ba. Yaya ya tambaye ta yaushe zai ƙare. Ta ce wataƙila shekara ɗaya, wataƙila biyu, ba ta da tabbas. Washegari ya je ya mayar da motar da kansa, ba wanda ya tilasta shi.

Daga nan ya ɗauko kujera ya dasa a bakin ƙofa. In fita aiki da safe yana kallon jirgin ruwa, in dawo yana kallon jirgin ruwa. Tuwon acca da nake wahalar nemo garinsa har Bronx, sai ya yi loma uku ya ture. Na ji tsoro ƙwarai, domin ban taɓa ganin hannun Yaya a zaune ba.

Karen kuwa bakina ne ya ja mini shi. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Wata tsohuwar Baturiya da nake dubawa, jikanta ya kawo mata ɗan kwikwiyo wai ya ɗebe mata kewa, ba a jima ba aka mayar da ita gidan jinya. Iyalin suka ce za su kai shi inda ake tara karnukan da ba su da masu su. Ni labari kawai na ba Yaya muna cin abinci, irin na ka ji rashin tunanin mutanen nan. Sai ya ajiye cokali.

"Wane irin kare ne?"

"Oho musu. Baƙi da fari, irin masu kiwon tumakin nan. Ba ya zama wuri ɗaya, kamar an zuba masa barkono."

"Je ki ɗauko shi."

"Yaya, a ɗakin da nake goge wa ƙasa da hannuna?"

"Ni zan riƙa gogewa."

Na yi faɗa, na yi rantsuwa, na ce ko ni ko kare a gidan nan. Ranar Asabar na shigo da shi a cikin kwali.

Magana ta tashi, ai dole. Matan zumunta a coci suka ce Choji ya zama Bature, har da kare a falo. Hajiya Zalika, maƙwabciyarmu ta sama, mutuniyar Kumasi, ta sauko da mutunci ta roƙi kada ya riƙa bin matakalar gaba saboda tana fita da alwala. Wannan Yaya ya karɓa hannu bibbiyu, kuma har yau karen nan ta ƙofar baya yake shiga da fita. Sauran masu surutu kuwa, da ni a cikinsu, ya ba mu amsa irin ta gida. A wajenmu ba a raɗa wa kare suna a banza, saƙo ne ake aika wa wanda ya san kansa. Ya ɗaga ɗan kwikwiyon sama ya ce, "Sunanka Barsu." Kullum da safe sai in ji yana kira a bayan gida, "Barsu! Barsu!" Ni kuma ina kicin na san da wa ake.

Amma fa ya tashi daga kujerar nan. Ya koma cinye tuwonsa har da neman ƙari.

Wata Asabar sun fita yawo sai suka faɗa wani fili inda ake koya wa karnuka wasan tsalle-tsalle, wanda masu yinsa ke kira ajiliti. Yaya ya dawo bakinsa bai rufuwa. Wai an jera sanduna kare na tsallakewa, ga wani dogon bututu na tamfol da yake kurɗawa ya ɓullo ta can, ga turaku a layi da yake ratsawa hagu da dama, ga katako mai lilo da yake hawa ya sauka. Mai karen na gudu a gefe yana nuna masa hanya, ba igiya, ba sanda. Mai koyarwar wani ɗan Ghana ne, Yaw, yana aiki a asibitin dabbobi, ya tashi a Zango, unguwar Hausawa, don haka Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ya ga Barsu yana rawar jiki a bakin shinge ya ce wannan kam an haife shi don wasan nan, amma a bari ya girma, a riƙa kawo shi yana kallo yana sabawa da 'yan'uwansa.

Yaya rabin farko na maganar kawai ya ji. Ya ce mini, "Dina, abu ɗaya nake roƙon Allah. In ga yaron nan ya zagaye filin can tun daga farko har ƙarshe, da idona, kafin a kashe fitila."

Me zan ce? Na ce amin.

Kafin mako ya zagayo bayan gidanmu ya zama fili. Bokitaina, sandar mofa ta goge ƙasa, tsintsiyar Turawa mai dogon hannu, har da kwandon wankina da ya fasa wa gindi ya zama bututu. Barsu kuwa ba a cewa komai. Nuna masa sau ɗaya, ya ɗauka. Ya tsallake, ya juyo, ya tsaya yana haki yana kallon Yaya, idanun nan na cewa a ƙara. Yaya kuma mutumin da ba ya miƙewa a tsakiyar kunya. In sun fara layi sai sun kai ƙarshe, in an yi kuskure a koma farko. Yau sanda na kan bokiti ɗaya, jibi an kifa wani a kai. Mai son a ƙara ya haɗu da wanda bai san a tsaya ba, tabɗi! Tun ina leƙowa ina dariya har na fara cewa, "Yaya, ku huta mana." Sai ya ce, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Wata safiya Barsu ya fito daga kwandonsa yana ɗage ƙafar gaba ta dama. Duk da haka, Allah Sarki, ya ɗingisa ya je gaban sandar ya tsaya yana kaɗa wutsiya, yana jira a ce masa hau.

Yaw ya zo gidan da yamma. Ya durƙusa ya lallatsa ƙafar, ya dubi bokitan da aka kifa biyu-biyu. Aka kai Barsu asibitinsu aka ɗauki hoto. Ba karaya, mun gode Allah. Amma Yaw ya zaunar da Yaya ya yi masa bayani dalla-dalla.

"Baba, ƙashin kwikwiyo bai gama haɗewa ba. Bakin kowane ƙashi da taushi, ta nan yake girma. In yana dira a kai kullum, wurin zai lalace, ya tashi da ƙafa a karkace, kuma ba gyara. Irin su Barsu sai sun kusa shekara da rabi kafin a ɗaga musu sanda sosai."

"Shi fa yake so. Ban taɓa tilasta shi ba."

"Na sani. Irinsu ba su san gajiya ba, zai yi ta yi har ya faɗi don ya faranta maka. Kai ne za ka san masa. Ka tsaya tun yana so, ka tashi a tsakiya, ya kwana yana marmarin gobe."

A tashi a tsakiya! Na saci kallon Yaya. Da Yaw ya zage shi da zai fi masa sauƙi.

"Yaro," in ji Yaya a hankali, "idona ba zai kai shekara da rabinsa ba."

Yaw bai san da maganar idon ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yi haƙuri, Baba. Sannu ba ta hana zuwa."

"Ƙarasa karin maganar mana. Sai dai a daɗe ba a je ba."

Muka ɗauki Barsu muka koma gida.

Barsu ya yi makonni yana hutu, daga kwando sai ɗan yawo da igiya. Da ƙafar ta warke suka koma bayan gida, amma sandunan duk a kwance a ƙasa, kare na taka su yana wucewa. Aka koya masa jira, aka koya masa hagu da dama, da tsayawa cak a kan ɗan katako. Wahalar ba ta karen ba ce, ta Yaya ce. Ya san kansa, don haka ya ɗora mini aiki: in sun fita in ɗora butar shayi, da ta yi fito sun tashi, ko a ina suke. Sau nawa butar nan ta yi kuka suna tsakiyar layi! Sai in ga Yaya ya tsaya, kafaɗunsa sun ɗaure, leɓensa na motsi, saura sanda biyu kacal su gama. Barsu na haushi yana tsalle yana ja masa wando. Sai ya haɗiye, ya tafa hannu ya ce, "Shi ke nan, sai gobe." Ranar farko da ya shigo ko shayin bai iya sha ba. Ya ce, "Da Baba na da rai da ya ce na lalace." Na ce da Baba na da rai da ya fara tambayar me kare ke yi a kan kujerata.

Ganin kuwa na ta tsukewa. Ya fara juya kai gaba ɗaya in zai dubi mutum. Ya fara laluben kofin da ke gabansa. Ya ce mini yanzu kamar ta cikin bututun ruwa yake leƙen duniya, kuma bututun na ƙara matsewa. Sanyi ya zo ya wuce, suka yi ta 'yan wasanninsu a falo ina kwashe kayan fashewa.

Ranar da ba zan manta ba wata Lahadi ce bayan an tashi coci, farkon ɗumi, rana ta fito tas. A irin hasken nan Yaya ya fi gani. Barsu ya kusa shekara, ya yi tsawo, ƙirji ya buɗe, in ka gan shi ka ce ya gama girma. Na tsaya ina kallonsu suna taka sanduna a ƙasa, sai zuciyata ta ƙi. Na fita da kayan cocina, na kifa bokiti a kan bokiti, na ɗora sandar mofa, na jera uku.

"Yaya, yau kana gani. Sa shi ya tsallake sau ɗaya. Sau ɗaya tak, ba wanda zai gaya wa Yaw."

"Dina."

"Kare ne fa! Kai mutum ne. Shekara nawa kana yi wa mutane wahala, abu ɗaya ka roƙa. Ƙafar ta warke, dube shi!"

Barsu ya riga ya je gaban sandar farko ya tsuguna, jikinsa na ɓari, yana ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Yaya ya juya kansa a hankali har ya samo shi a cikin ɗan abin da ya rage masa na gani. Ya daɗe yana kallonsa. Na ga hannunsa ya ɗaga, na ce to, zai ba da umarni. Sai ya taka ya je ya lalubo sandar, ya sauke ta ƙasa. Ya sauke ta biyu, ya sauke ta uku.

"In ya tsallake yau, ni kallo ɗaya zan yi," ya ce. "Shi kuwa da ƙafafun nan zai yi sauran rayuwarsa. Ba shi da wasu."

Na shige ɗaki na rufe ƙofa na yi kukana. Har gobe ban ce na yi laifi ba, ɗan'uwana nake ji. Amma ta taga ina jin muryarsa yana cewa, "Yawwa, a hankali, yawwa," har ya tafa hannu da kansa, ba tare da an ɗora buta ba.

Da kaka ta kama aka sake ɗaukar hoton ƙafafun, Yaw ya ce ƙashi ya haɗe. Suka fara ɗaga sanda kaɗan-kaɗan a filin Asabar, tsayin tafin hannu, bayan wani lokaci a ƙara. Zuwa lokacin Yaya ba ya iya gudu a gefen kare, ya yi karo da turaku sau biyu, don haka Yaw ya karɓi gudun. Yaya na zaune a bakin shinge, shi ke cewa ya isa. Wani lokaci Yaw da kansa zai ce, "Baba, bari mu ƙara zagaye ɗaya," sai Yaya ya ce a'a, a bar shi da marmarinsa. Ka ji fa, wai yau Choji ke hana mutane ƙarasa aiki.

Aka sa Barsu a gasarsa ta farko a bazarar 2017, wata 'yar ƙaramar gasa ta masu farawa, a wani fili can tsakiyar tsibirin. Kafin ranar ta zo, abin da ya rage wa Yaya haske ne da inuwa. In na tsaya gabansa ya san akwai mutum, amma sai na yi magana yake sanin ni ce. Bai taɓa cewa komai a kai ba, ni ma ban tayar ba. Da safe ya sa babbar rigarsa ta zuwa biki, ya ce in duba masa ko hular ta zauna daidai.

Yaw ya nema mana wuri daf da inda karnuka ke ƙarewa, ya kafa wa Yaya kujera. Yaya ya kamo hannuna ya ce, "Ke ce idona yau. Bakin nan naki da ba ya hutawa, ga ranarsa ta zo. Duk abin da ya yi ki faɗa mini."

"Kwantar da hankalinka, har ƙudan da ya sauka a kansa zan faɗa maka."

Aka kira sunansa da lasifika, Baturen ya murɗe shi ya zama wani abu daban, Yaya ya yi dariya. Barsu ya tsuguna a bakin layi. Yaw ya yi gaba, ya ɗaga hannu, ya sauke.

Wayyo, jama'a! Ban san haka karen nan yake ba. Ya tashi sama kamar ba nauyi a jikinsa, ya dira, ya sake tashi. Ya shige bututu ya ɓullo, kunnuwa a kwance, ya karkata ya bi hannun Yaw. Na buɗe baki in fara bayani, abin da ya fito kawai, "Yaya! Yaya!" Yana matse mini hannu yana cewa, "Me ya yi? Ina yake?" Ni kuwa hawaye sun rufe ni, ni ma da ƙyar nake gani. Ƙafarsa ta baya ta taɓa sanda ɗaya ta faɗi, bai ko waiga ba. Ya haye katakon lilo, ya tsaya cak har ya sauka da shi, ya kwasa da gudu ya tsallake ta ƙarshe. Mutane suka ɗau tafi. Ban gaya wa ɗan'uwana ko kalma ɗaya mai amfani ba.

Barsu bai tsaya wurin Yaw karɓar ladansa ba. Ya zarce ya faɗa ƙirjin Yaya, saura kaɗan kujerar ta kife da su. Yaya ya rungume shi, hula ta faɗi, kare na lasar masa fuska. Sai ya zame ya durƙusa a kan ciyawa da babbar rigarsa. Ya kamo ƙafar gaba ta dama ya shafa tun daga kafaɗa har tafi, yana latsawa a hankali. Ya kamo ta hagu. Ya bi na baya ɗaya bayan ɗaya. Barsu ya tsaya masa shiru yana haki.

"Lafiyarsu ƙalau," ya ce. "Duka huɗun."

"Yaya, ka yafe mini, bakina ya ƙi. Ban iya faɗa maka komai ba."

Ya lalubo kujerar ya koma ya zauna, karen ya kwanta a kan ƙafafunsa. Ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin muryata, bai dace da ni sosai ba, ya ɗan kauce gefe.

"Ba komai, ai yanzu muna da lokaci. Zauna ki ba ni labari tun daga sandar farko. Kada ki tsallake ko ɗaya, kuma kada ki yi sauri."

Na share fuskata da haɓar zani, na zauna a ciyawa kusa da gwiwarsa, na fara.